Lawashin Tafarnuwa a Bakin Taga



Sharhinmu na yau a kan tafarnuwa ne, amma ba ƙwayar da ake jefawa a turmi ba. Ganyenta za mu tattauna, da yadda uwargida, ko ɗalibi a ɗakin kwanan makaranta, ko magidancin da ke gidan haya wanda tsakar gidansa duk siminti ne, zai samar da shi da ruwa kawai a ɗan kwano, ba gona ba fartanya.

Albasa dai mun ci moriyarta ciki da bai. Mun ci kanta, mun yanka lawashinta a miya da dambu, mun kirɓa ganyen mun dunƙula mun shanya ya zama gabu, a ajiye shi wata da watanni. Amma 'yar'uwarta tafarnuwa, ƙwayar kaɗai muka sani. Mutum zai zaga kasuwar 'Yankaba a Kano daga wannan baki zuwa wancan, da wuya ya ga an kasa ganyen tafarnuwa ana sayarwa. Kuma akwai dalili. Manomin rani a fadamun Wurno da Goronyo, ko mai lambu a tsaunukan Abzin, ya san ganyen nan shi ke ciyar da dunƙulen da ke cikin ƙasa. In ya yanke ganye ya kai kasuwa, ya rage wa kansa buhu ranar haƙa. Shi ya sa yake barinsa har ya bushe. Ba raina ganyen aka yi ba, lissafi ne na mai gona.

A ƙasar Sin lamarin ya sha bamban. Can ne ake noma sama da tan miliyan 20 na tafarnuwa a shekara, wato fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da duniya duka ke nomawa, kuma gundumar Jinxiang da ke lardin Shandong ta yi suna a kan wannan sana'a. A wajensu ganyen tafarnuwa kayan miya ne mai zaman kansa, da kuɗinsa a kasuwa. Har akwai wadda suke tsirarwa a cikin duhu don ganyen ya fito rawaya, mai laushi. A arewacin ƙasar kuwa, inda sanyi ke tsayar da lambu cak, tsohuwar al'ada ce a gidaje a ɓare ƙwayoyin tafarnuwa, a soke su a zare ko siririyar waya, a naɗe su zagaye-zagaye a faranti, a zuba ruwa kaɗan, a ajiye a bakin taga. Mutanen Gujarat a Indiya su ma jiran lokacin sanyi suke yi saboda ɗanyar tafarnuwa mai ganye. To abin da nake son mu aro ke nan, kuma ba sai mun sayi komai daga waje ba.

Kowace uwargida ta san tafarnuwar da ta kwana biyu a kwando har ta fara fitar da ɗan koren tsiro a tsininta. Da yawa sai a ce ta lalace, a watsar. Wasu ma tsoronta suke ji, suna haɗa ta da dankalin Turawa. Dankalin Turawa in ya yi tsiro ko fatarsa ta yi kore, gaskiya ne akwai guba a wurin, a yanke a yar. Tafarnuwa ba haka take ba. Tsironta ba ya cutarwa, ɗan ɗaci kawai yake ƙara wa ƙwayar. Wannan da ake zubarwa ita ce ta fi dacewa da aikinmu, domin ta riga ta farka.

Mai sauraro, in akwai irinta kusa, ɗauki ƙwaya ɗaya ka tsaga ta gida biyu daga sama zuwa ƙasa. A tsakiyarta za ka ga wani siririn abu kore-kore a naɗe, kansa ya nufi tsini. A gindi, inda ƙwayar ta manne da uwar dunƙulen, akwai ɗan wuri mai tauri, ruwan ƙasa. Kai shi kusa da ido, za ka ga 'yan ƙananan ƙuraje farare a gefensa. Koren nan shi ne ganye, ƙurajen nan su ne saiwoyi, farin naman da ya kewaye su kuwa abincinsu ne. Tafarnuwar da muke nomawa ba ta ba da iri kamar yadda albasa ke bayarwa, da ƙwayar ake shuka ta, saboda haka Allah Ya haɗa wa kowace ƙwaya abin da za ta fara rayuwa da shi. Matafiyiya ce da ta fito da guzurinta a ƙulle. Ruwan da za mu zuba ba shi zai ciyar da ita ba, tashinta kawai zai yi ta kama hanya. Duk wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Yadda ake yi ba wuya. A zaɓi ƙwayoyi masu ƙiba, masu tauri in an matsa, waɗanda ba su da tabo ko fumfuna. Tamu ta gida, mai ƙananan ƙwayoyi da ƙarfin wari, tana yi sarai. Manyan farare da ake shigowa da su daga waje sun fi ba da ganye mai kauri in sun tsira, sai dai wani lokaci akan yi musu magani don hana su tsira a hanya, sai a yi ta jira shiru. Haka ma sabuwar tafarnuwa da aka haƙo kwanan nan, barci take yi, takan ɗauki makonni kafin ta yarda ta motsa. In ita ce a hannu, a sa ta a firji mako ɗaya ko biyu, sanyi na tashinta.

A cire busasshen ɓawon waje a hankali, kada farce ya ji wa gindin rauni. A samu ƙaramin kwano ko faranti mai ɗan zurfi, a jera ƙwayoyin a tsaye, tsini sama, gindi ƙasa, a matse su da juna yadda kowace za ta tokare 'yar'uwarta. In sun ƙi tsayuwa, a wanke 'yar tsakuwa a zuba a tsakaninsu. Wanda ke da robar ruwa da aka shanye, ya yanke ta a kafaɗa, ya kifa saman a cikin ƙasan, ya ɗora dunƙulen tafarnuwa guda a kai, ya cika ruwa har ya taɓo gindin.

Nan ne wurin da aka fi kuskure, don haka zan ɗan tsaya. Ruwa gindin kawai zai taɓa. Ba rabin ƙwayar ba, balle a nutsar da ita. Naman tafarnuwa in ya jiƙa ya daɗe, ruɓewa yake yi. Za a ga gindin ya yi santsi, ruwan ya yi fari-fari da yauƙi, wani wari ya tashi wanda ba na tafarnuwa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Da an ga haka, a duba a zare ƙwayar da ta yi laushi a yar, a wanke sauran, a sake sabon ruwa, tun ba ta shafa wa 'yan'uwanta ba.

In an yi daidai, cikin kwana 2 zuwa 4 saiwoyi za su ɓullo, farare tas, sirara, masu yawa, suna miƙewa ƙasa tare. Bayan su sai tsiron ya kunno kai. Da saiwoyin sun yi tsawo, a rage ruwan, a bar sararin kamar gaɓar yatsa tsakanin gindin ƙwayar da saman ruwa. Dalili shi ne saiwa ma numfashi take yi. Rabinta na ƙasa ya sha ruwa, rabinta na sama ya shaƙi iska. Wani masanin aikin gona na Jami'ar Hawai, Bernard Kratky, a kan wannan sarari ya gina wata hanyar noman ganye a ruwa wadda ba ta buƙatar famfo ko wutar lantarki, kuma har yau da sunansa ake kiranta. A ƙasar da wuta ba ta da tabbas, wannan ita ce hanyar da ta dace da mu.

Sai batun zafi. Tafarnuwa shukar sanyi ce, shi ya sa manomanmu ke shuka ta a farkon hunturu. Ruwa kuma in ya yi ɗumi, iskar da ke cikinsa raguwa take yi: lita guda a ma'aunin zafi 20 na riƙe miligiram 9 na iskar oksijin, a ma'auni 35 kuwa sai ta sauko wajen 7, alhali a lokacin ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Saboda haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu abin zai fi ba da sha'awa. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato ko Maraɗi ke haura 40, a nemi wuri mafi sanyi a gidan, gindin randa misali, kuma a riƙa amfani da ruwan randar ana sauyawa kullum. In ruwan famfo ne mai warin magani, a tara a bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan rijiya mai zartsi kuwa yana ƙona bakin ganye.

Tafarnuwa tana son haske, amma ba ranar tsaka ba. Tagar da hantsi ke shigowa ta wadatar. Ganyen zai riƙa karkata wajen haske, sai a juya kwanon lokaci-lokaci. In mazubin mai haske ne ana ganin cikinsa, a naɗe shi da tsumma ko takarda, in ba haka ba gansakuka za ta yi kore a ciki ta raba iska da saiwoyin.

Akwai wani abu da bai kamata in wuce shi ba, domin lafiyar gida ta fi ganye. Ruwa mai tsabta da ke zaune a ƙaramin mazubi shi ne wurin da wani nau'in sauro ya fi so, baƙi mai ratsin fari a ƙafafu, mai cizo da rana. Shi ke ɗauke da cutar shawara da zazzaɓin dengue. A ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullar dengue a Sakkwato, kuma a wannan shekarar cutar ta yi mummunar ɓarna a Burkina Faso. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Wanda ke sauya ruwa duk kwana ɗaya ko biyu ya yanke masa hanya. Amma zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, domin sauron nan a jikin mazubi yake liƙa ƙwansa, dab da saman ruwa, kuma ƙwan na jure bushewa na watanni. A ɗaga tafarnuwar, a cuɗe cikin kwanon da soso, a ɗauraye, sannan a mayar. Wanda ya san zai yi tafiya ba mai kula masa, gara ya yanke ganyen ya kife kwanon kafin ya fita.

Cikin kwana 10 zuwa mako biyu ganyen zai kai santimita 15 zuwa 20, wajen tsawon hannun babba daga wuyan hannu zuwa kan yatsa. Za a lura ba irin lawashin albasa ba ne mai rami a ciki. Shi a shimfiɗe yake, da ɗan kwari a tsakiya. A yanka da almakashi mai tsabta, a bar kamar gaɓar yatsa biyu a kan ƙwayar. Tunda daga ƙasa ganyen ke turowa, zai sake fitowa. Yanka na farko shi ne mai kauri da ƙamshi. Na biyu ya fi siranta. Na uku, in an samu, sai a ga ganyen ya yi fari-fari yana langaɓewa. A taɓa ƙwayar a lokacin, za a ji ta yamushe, ta zama ɓawo kusan fanko. Guzuri ya ƙare.

A nan nake da ja da wasu hotunan bidiyo da ke yawo a Facebook da TikTok, inda ake nuna robar ruwa zalla ta haifi manyan dunƙulen tafarnuwa. Jama'a, ba ya yiwuwa a ruwa zalla. Dunƙule na buƙatar watanni huɗu zuwa biyar, da sanyi a farkon rayuwar shukar, da abinci na gaske. Abin da ke damuna da irin waɗannan hotuna shi ne, matashi zai gwada, ya ga bai samu ba, ya yanke hukuncin cewa noman ruwa duk ƙarya ne. Alhali ilimi ne mai tushe. Tun a 1699 wani Bature a Ingila, John Woodward, ya wallafa yadda ya shuka na'ana'a a ruwa iri-iri, ya ga wadda aka zuba wa 'yar ƙasa a ruwanta ta fi sauran girma nesa ba kusa ba. Wajen 1860 wasu masana biyu a Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka gano gishirin ma'adinan da shuka ke tsotsa daga ƙasa, suka narka su a ruwa, shuka ta girma ba ƙasa ko ƙanƙani. Daga baya William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya noma tumatir mai tsawon sama da mita 7 ta wannan hanya a shekarun 1930. Dukansu abu ɗaya suka tabbatar: ana iya raba shuka da ƙasa, amma ba a raba ta da abin da ƙasa ke ba ta.

Namu na kwano yana cikin rukunin da ke dogara da abin da ke cikin iri, kuma ba abin rainawa ba ne. A sansanonin 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke Tinduf a Aljeriya, wani injiniya daga cikinsu, Taleb Brahim, tare da Shirin Abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, sun yaɗa tsirar da sha'ir a faranti da ruwa, cikin mako guda ya zama ɗanyar ciyawa ga awaki da tumaki, a tsakiyar hamada.

Wanda ke son ganyen ya wuce yanka biyu ko uku, sai ya nemi takin da aka haɗa musamman don noman ruwa, ya bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa, kuma gara ya rage da ya ƙara. Roƙona kada a ɗebi takin zamani na gona, NPK ko yuriya, a watsa a kwano. Na gona an yi shi ne don ƙasa, ƙananan halittun cikin ƙasa ke sarrafa wani ɓangarensa kafin shuka ta amfana, kuma ba ya ɗauke da duk abin da ake buƙata. A ƙaramin kwano saiwoyin kawai zai ƙone. Kashin kaji ko na awaki kuwa, ruɓar da ruwan zai yi, ga ganyen da za a ci ɗanye.

Mu shiga kicin. Ƙamshin tafarnuwa ba ya fitowa sai an yanka ko an daka, domin sinadarai biyu ne a ware a cikinta, sai sun haɗu suke haifar da mai warin, wanda Chester Cavallito da abokin aikinsa John Bailey suka fara warewa a Amurka a 1944. Ganyen ma yana da shi, amma da sauƙi, ba ya yi wa harshe zafi kamar ƙwayar. Wuta mai yawa na kashe shi, don haka a ƙarshen girki ake sa shi. A yanka ƙanana a kaɗa a wainar ƙwai. A barbaɗa a kan faten tsaki ko farfesu bayan an sauke. A cuɗa a kwaɗon zogale ko na rama. A sa a ƙullin ƙosai da alale, ko a miyar awara. A ganina wurin da ya fi haskawa shi ne kan shinkafa da wake da mai da yaji, inda ba abin da zai danne shi. Ga mai fita jam'i, hukuncin da muka sani na cin ɗanyar albasa da tafarnuwa kafin shiga masallaci yana nan, tunda warin ne abin gudu. A sa shi a abinci mai zafi ya ɗan dahu, ko a ci bayan an dawo.

In ganyen ya yi yawa, a naɗe a tsumma mai ɗan laima a sa a firji, ko a shanya a inuwa a daka a yaji. Abin da ba a yi shi ne a yanka shi, ko ƙwayar, a nutsar a kwalbar mai a ajiye a ɗaki kwana da kwanaki. A cikin mai babu iska, kuma akwai wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ke fitar da mugun dafi a irin wannan yanayi, ba wari ba alama. A 1985 mutum 36 suka kamu a birnin Bankuba na Kanada daga yankakkiyar tafarnuwa da aka adana a mai. Masu haɗa man tafarnuwa a gida su kula.

Batun magani kuwa, mu yi adalci. Tafarnuwa abinci ce mai amfani, iyayenmu ba su yi kuskure ba da suka sa ta a yajin jego. Amma ganyen kwano ba zai maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon suga da likita ya rubuta ba. Ko a 2020, lokacin korona, sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu hujjar cewa cin tafarnuwa na kare mutum daga cutar. Mai shan maganin tsinka jini kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya yawaita ta.

Ba zan ce wannan sana'a ce da za ta riƙe gida ba. In mutum zai sayi tafarnuwa musamman don ya tsirar ya sayar da ganye, lawashin kasuwa ya fi masa araha. Ribar tana wurin ƙwayar da da ma za a zubar, da kuma sanin ruwan da ganyenka ya sha, abin da mai sayen ganye a bakin titi ba ya iya rantsuwa a kai. Akwai kuma yara. Yaron da aka haifa a birni, a bene, zai iya kammala firamare bai taɓa ganin saiwa tana tsiro ba. A ba shi kofi mai haske da ƙwaya uku, a ce shi ne mai sauya ruwa da wanke kofin, ya riƙa aunawa da rula yana rubutawa a littafi. A sa masa ɗaya a taga, ɗaya a cikin kwali mai duhu, ya ga da idonsa yadda ta tagar ke yin kore, ta duhun ta fito rawaya.

Ƙwayar da ta gama ba da ganye, a jefa ta cikin takin gida. Wanda kuma ya ji ransa ya biya yana son dunƙule na gaske, ya ware ƙwayoyi masu ƙiba da ba a taɓa yankan ganyensu ba, ya cika buhu da ƙasa mai yashi-yashi da ruɓaɓɓen taki, ya huda ƙasan buhun don ruwa ya riƙa tsiyaya. Ya shuka a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, tsini sama, zurfin gaɓar yatsa biyu, da tazarar faɗin tafin hannu tsakanin kowace. Ya riƙa ban ruwa daidai, ya bar ganyen kada ya taɓa, sai ya ga na ƙasa sun fara bushewa wajen Maris, sannan ya tsayar da ruwa ya haƙa.